Baba Modu da Tayoyin Motar Mahaifina

Ana idar da sallar asuba Baba Modu mai faci yake jawo injin iskarsa zuwa gindin darbejiyar bakin tasha a Haɗeja, ya cika bahon da yake neman huji a ciki, ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Shekara arba'in ke nan. Bai yi boko ba, amma lambobin jikin taya ya fi mu masu takardu iya karanta su. Direbobin Kafin Hausa shaida ne, ya sha korar tayar gwanjo mai tambarin ƙanƙara yana cewa, "Ta ƙasar sanyi ce, kwaltarmu dafa ta za ta yi."

Ni kam da faɗa muka fara. Mahaifina ya rasu ya bar wata tsohuwar Marsandi mai kujera biyu, irin ta tsere, ta shekara goma sha shida a rufe. Da na tayar da ita, mahaifiyata, Hajiya Yakaka, ta roƙe ni abu ɗaya: in kai ta garinsu Kirikasamma a cikinta, yadda marigayi yake kai ta. Tayoyin fes, ko gashinsu bai zube ba. Iska kawai na je sha.

Baba Modu ya durƙusa, ya tofa yawu ya goge gefen tayar, ya nuna mini wasu lambobi huɗu. "Ɗana, ga mako da shekarar da aka yi tayar. Ta tsufa a tsaye. Wa za ka ɗauka?"

"Hajiya."

"To, ba da iskata ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ya sa mini masu faɗi irin na samarin yanzu. Ya ce ai motar ba sa'arsu ba ce, ƙafarta siririya ce, sai lambar da aka ƙera ta da ita, sababbi, duk huɗun iri ɗaya. Mako uku yana aike Kano kafin a samo. Ni kuwa ina ta yawo da shi a gari, wai tsoho ya cika iyayi.

Maƙwabcina Safiyanu ya karɓi biyu daga tsofaffin ya sa wa amalanken shanunsa. Ranar farko da ya ɗoro shinkafa daga fadama, ɗaya ta fashe, ta yage kamar tsumma. A tafiyar shanu fa! Da na ga tayar sai da na nemi wuri na zauna.

Baba Modu, kai ne ka ɗauki zagina ka ƙi ɗaukar alhakin uwata. Na zo ba ka haƙuri, ka ce in bari, in dai riƙa duba iska da safe kafin taya ta yi zafi. Yanzu ciwon baya ya hana ka durƙuso, ka ce bayan sallah za ka ajiye aiki, ba takardar yabo, ba taro. Wallahi abin yana yi mini ciwo.

Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya. Masu faci da ke tasowa, ku koyi cewa a'a irin tasa, ko mai mota zai kumbura.

Na kai Hajiya Kirikasamma, ta ga danginta, ta yi kuka, ta yi dariya. Na kuma dawo da ita gida.