Inna Hajo da Ƙarfen da Ta Ƙi Sawa a Cakulan

Shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar Inna Hajo a Illo. Ƙanwar mahaifiyata ce, ita ta goye ni. Kowace shekara nakan yi mata addu'a in ja bakina. Bana kam na kasa, don raina a ɓace yake.

Alawa ce sana'arta. A shekarar da aka samu 'yancin kai, wata 'yar Kudu mai kanti, Madam Rosa, ta fara sayo garin cakulan daga Dahome, ta nemi Inna ta riƙa haɗa mata shi da madara da gyaɗa don yara. Inna ce ta tsara komai. Takan daka gyaɗar ta yi lilis, don kada tsaki ya shaƙe mai haƙori biyu. Takan yi shi da faɗin yatsu uku, yadda yaro zai tsotsa amma ba zai iya jefa shi baki gaba ɗaya ba. Sannan ta naɗe da ganyen kalgo, don a cewarta yaro bai san abinci daban, marufi daban ba, duka bakinsa za su.

Ana gab da bikin 'yancin kan, Madam ta zo da takarda mai ƙyalli da wasu 'yan tutoci na kwano, kore da fari, kowace ba ta wuce farce ba. So take a cusa ɗaya a cikin kowane curi, yaro ya ci ya tarar da kyauta. A gabana Inna ta ce, "Madam, wanga ƙarhe cikin abincin ƙanana? Ba da hannuna ba. Kai ma wata." Madam ta yi lallashi, ta yi fushi, ta kwashe kayanta. Inna ta rasa babbar mai saye, matan unguwa suka yi ta dariya wai ƙauyanci ya hana ta ci gaba. Amma Madam ɗin ma, Allah ya ji ƙan rai, ba ta sa tutocin ba. A hannu ta raba wa manyan 'yan makaranta.

Wata biyu da suka wuce, ɗana ya sayo wa 'yarsa Nana tsaraba daga kasuwar Lolo. Nana ba ta cika shekara uku ba. Cakulan ne mai siffar ƙwai, a cikinsa da 'yar motar roba. Tayar motar ta maƙale mata a wuya. An ciro, Nana ta rayu, amma har yau ba ta sake kirana Kaka ba, sai wani gurnani. Likita ya ce mu jira, bai ce muryar za ta dawo ba.

Na je da kaina wurin mai teburin da ya sayar masa da cakulan ɗin. Ya juya takardar ya ce, "Hajiya, ai sun rubuta. Ba a ba wanda bai kai shekara ukku ba." Da Faransanci aka rubuta, a ƙarƙashin ninki, da haruffa kamar ƙwayar gero. A gaba kuwa hoton jariri ne yana dariya.

Ban ga laifin mai tebur sosai ba. Da wanda ya zauna a ofis ya zaɓi wannan hoton nake. Yana da ilimin da Inna ba ta da shi, kuma ya san abin da ta sani, tunda har ya rubuta gargaɗin. Ya rubuta ne don ya wanke kansa, ya ɓoye don ya sayar. Da Inna na nan, ba ta da sunan da za ta kira wannan sai mugunta, ni ma ba ni da wani.

Inna ba ta bar gida ko gona ba. Abin da ta bar mini shi ne sanin cewa ana iya ƙi, don na ga ta ƙi. Shi ya sa na kasa yi wa masu yin cakulan ɗin nan uzuri.

Jiya na goya Nana muka bi ta bakin kasuwa. Ta hango ƙwan nan a kan tebur, ta fara zillo a bayana tana miƙa hannu, tana buɗe baki ba sauti.