Jannatu, Kunnen Mai Gyaran Ƙaho

A Argungu, in ka tambayi maharba inda ake gyaran ƙahon kiran gada, gidan Tamba za su nuna maka. Amma na cikin sana'ar sun san rabin aikin na matarsa Jannatu ne.

Tamba maharbi ne tun yana saurayi. Shekara goma sha biyu ke nan da bindigar toka ta fashe kusa da kansa, ta bar masa rai, ta tafi da jinsa. Sai an ɗaga murya ta gefen dama yake kamo magana. Ya ajiye farauta ya koma gyaran ƙaho. Hannu kam yana da shi, to amma yaya mutum zai daidaita muryar da ba ya ji? Nan Jannatu ta shigo. 'Yar ƙauyen bakin fadama ce, ta taso tana jin kukan 'ya'yan gada in ta je itace, kuma wannan kukan ne ƙahon ke kwaikwayo, uwa ta ji ta fito. Shi ya busa, ita ta saurara, ta ce a ƙara ko a rage.

Bana, bayan an yanke shinkafa, wani direba mai suna Sama'ila ya zo daga Badariya ta Birnin Kebbi da abu naɗe cikin tsumma. Ƙahon marigayi mahaifinsa ne, ya tsinto shi a ƙasan akwati. Ya bushe ƙayau, ya tsage a gefe, ƙwari sun fara cinsa.

"Baba, ko zai sake magana?" in ji Sama'ila.

Jannatu ta maimaita tambayar a kunnen mijinta. Tamba ya jujjuya ƙahon, idonsa ya yi haske. "Wanga aikin mutanen da ne! Ka dawo ran Lahadi."

Daga ranar gidan ya ɗauki zumuɗi. Tamba ya wanke cikin da ruwan ɗumi da toka, ya shanya a inuwa, don a cewarsa rana ce ke fasa ƙaho. Ya kankare bayan da tsinin wuƙa, ya goge da lallausan yashin gulbi. Tsagar ya cike ta da kakin zuma, ya ɗaure da jiƙaƙƙiyar jar fata, wadda in ta bushe takan matse tamau. Jannatu kuwa ta zauna da kaskon man kaɗe tana murzawa, ta bari ya sha, ta sake, har ƙahon ya yi sheƙi kamar nunannen dabino. Tuwonta ma sai da ya kama a tukunya.

Busar farko, ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Mi kinka ji?"

"Malam, akuya! Akuyar da ta ɓace a kasuwa!"

Tamba ya yi tsaki, shi ma yana dariya. Ya ɗan rage bakin, ya busa. Ta girgiza kai. A karo na biyar muryar ta fito. Siririn kuka ne mai rawa a ƙarshe, irin wanda rabonta da ji tun tana budurwa. Ta damƙe hannunsa: "Tsaya nan! Kar ka ƙara ko kankara ɗaya!"

Ran Lahadi da hantsi su uku suka fita bayan gari, can inda gonakin shinkafa suka haɗu da kurmi. Ba wanda ya ɗauki bindiga. Jannatu ta yi gaba ta laɓe gindin wata kanya don ta ji yadda muryar ke kaiwa nesa. Sama'ila ya kafa baki ya busa sau uku.

Shiru. Can sai ciyawa ta motsa. Gada ce, ja-ja, kunnuwa a tsaye, tana taku ɗai-ɗai tana shinshina iska. Ta zo kusa har Jannatu na ganin hancinta na rawa. Da ta ankara da mutum, ta yi tsalle ɗaya ta faɗa kurmi.

Jannatu ta taho a guje, mayafi na jan ƙasa, takalmi ɗaya ya tsaya a laka.

"Ta zo! Wallahi ta zo!"

Ta kafa yatsu biyu a ka tana nuna wa mijinta kunnuwa. Tamba ya yi kabbara. Sama'ila ya durƙusa rungume da ƙahon, hawaye na zuba yana dariya. "Inna, haka nake jin shi in Baba ya fita daji. Haka ɗin nan!"

A hanyar komawa Tamba ya yi ta nanata masa: ya shafa man kaɗe duk shigowar rani, ya rataye shi a inuwa, kada ya sake rufe shi cikin akwati. Kafin mako ya zagayo, maharba huɗu sun yi sallama a ƙofar gidan, ɗaya tun daga Gesse, kowa da tsohon ƙahonsa a aljihu.