Turmin Gahawar Umma

Gidanmu a Zaitawa yake, cikin wani lungu da mota ba ta shiga. An ce kakan kakanmu daga Tarabulus ya zo da raƙuma, ya sauke kaya a Kano bai sake ɗauka ba. Na sha jin labarin, kuma duk mai ba da shi sai ya ƙara yawan raƙuman. Abin da na san ya iso gare mu dai bai taka kara ya karya ba: hasken fata ga wasu daga cikinmu, ban da ni, sai gurasa ranar Juma'a, sai wani ɗan turmin tagulla da bai fi kwanon sha girma ba, da 'yar taɓaryarsa ita ma ta tagulla. A cikinsa ake daka gahawar Baba.

Mu duka shayi muke sha kamar sauran maƙwabta. Baba ne kaɗai mai gahawa, finjali biyu da hantsi, ba sukari, sai ƙwayar kanumfari ɗaya. Kuma Umma ce kaɗai mai yi. Tun da na yi wayo nake jin dakanta: uku a ciki, ɗaya a gefen turmin, ya yi ƙara kamar ƙararrawa. Idan ta gama sai ta dafa a kan garwashi, ta kai masa ɗakinsa, ta zauna a bakin ƙofa har ya shanye. Ban san me suke cewa ba. Sau da yawa ma ba na jin suna cewa komai.

Baba yana da wata magana da kowa a gidan ya haddace: shi ba ya shan gahawar da ba hannun Hajiya ne ya daka ba. Mun ɗauka irin maganar nan ce ta tsofaffi, sai shekarar da Umma ta je aikin hajji. Yayata ta daka, ta dafa, ta kai masa. Ya sa mata albarka, ya bar finjalin ya huce a inda ta ajiye. Haka ya zauna har Umma ta dawo, yana fama da ciwon kai yana ɗora laifin a kan zafin gari.

Ni ne auta, kuma ni kaɗai na rage a gidan da matata. Lokacin da abin da zan faɗa ya faru, yanar ido ta riga ta rufe wa Baba gani, ba ya ganin komai sai haske da duhu. Girki ya koma hannun matata, shara da wanki ma haka. Aiki ɗaya ya rage wa Umma a gidan, shi ne dakan nan.

Da can wani tsoho ne a kasuwar Kurmi yake sayar mata da ɗanyar ƙwayar gahawa ta soya da kanta a kasko. Da ya rasu, 'ya'yansa suka mai da rumfar wurin sayar da cajar waya. Sai sayen ya dawo kaina. Na riƙa fita ta Ƙofar Ɗan Agundi zuwa wani babban kanti a wajen badala, inda na samu gahawar wani kamfani mai ji da kansa. Leda baƙa, rubutu ruwan zinare, da hoton wasu duwatsu. Iri uku suka jera a kan kanta: mai narkewa a ruwan zafi nan take a cikin kwalba, da niƙaƙƙiya, da ƙwaya soyayya. Ƙwayar nake saya. Umma ta juya ledar, ta shinshina, ta ce ba laifi, amma sai ta ɗan ɗumama ta a kasko tukuna, wai don ta farka daga barcin kanti.

Muna nan a haka sai ciwon gaɓɓai ya kama mata yatsu. Na fara lura ne da yadda take riƙe carbi. Wata safiya ta kira ni madafi, ta tura ƙofa, ta miƙo mini hannuwanta. Gaɓɓan sun kumbura, manuniya ta karkace.

"Auta, ka gani. Ɗaga taɓaryar dai ina iyawa, amma ba ta fasa ƙwayar."

Na ce to a bari ni ko matata mu riƙa dakawa mana.

"Kai ma ka san halin babanku. Ranar da ya san ba ni nake yi ba, ya bar sha ke nan. In ya bar sha, me zan kai masa da hantsi? Ruwa?"

Gaskiya ta faɗa. Ta riga ta gama shirya dabararta ma kafin ta kira ni. Ni zan samo mata gari ta kowace hanya. Ita kuma za ta zuba 'yan ƙwayoyi biyar ko shida a turmi ta riƙa ƙwanƙwasawa a hankali, uku a ciki ɗaya a gefe, don ya ji ƙarar daga ɗakinsa. Ta sa na yi mata alkawari ba zan faɗa ba. Na yi. Ban ga abin zunubi a ciki ba, ko da yake ban je na tambayi malamai ba.

Wauta ta farko tawa ce. Akwai sauran ƙwaya kusan rabin leda, na ga asara ce a bar ta. Na zuba a kwano na kai wa mai injin niƙa na bakin layinmu. Ya leƙa kwanon ya ce, "Malam, wannan wane irin wake ne ya ƙone haka?" Na ce magani ne. Ya zuba, inji ya yi ruri, gari ya fito lukui. Abin da bai zo mini a rai ba shi ne, matar da ke gabana a layi barkonon yaji ta kawo.

Washegari Umma ta yi ƙwanƙwasarta, ta dafa, ta kai. Ina tsakar gida ina goge takalmi na ji Baba ya yi atishawa, ya yi hamdala, ya sake yi, ya sake hamdala. Can na ji ya ce, "Hajiya, yau gahawar da ƙarfinta ta zo." Ya shanye duka finjali biyun. Da ta fito ta ɗanɗana abin da ya rage a buta, idonta ya kawo ruwa. Kallon da ta yi mini ya ishe ni.

Na koma kanti na sayo ta kwalba, mai narkewa. Irinta muke sha a ofis, kuma ni a lokacin ina ganin duk gahawa gahawa ce. Wannan ba ta ma kai ɗakin Baba ba. Umma ta zuba cokali guda a ruwan zafi, ta ga ya ɓace ba ko tsaki a ƙasa, ta kurɓa, ta ajiye.

"Wannan ai ruwan bunu ne. Ina abin da zai kwanta a gindin finjali? Babanku da yatsa yake shafawa in ya gama. Kai ka shanye abinka."

Na kai kwalbar ofis, abokan aiki suka gama da ita cikin mako guda suna yabawa.

Ta ukun ce ta karɓu, wato niƙaƙƙiyar. Umma ta murza ta tsakanin yatsu, ta ce ta fi nata dakan laushi kaɗan, amma za a yi maneji. Ta juye a tsohon gwangwanin madara, ta tura bayan tukwane, ta ce in kai ledar bola mai nisa. Na ce Umma, mutumin da ba ya gani me zai yi da leda? Ta ce hanci fa? Na kai.

Haka muka yi wajen shekara guda. Kowace safiya turmi yana ƙara, uku da ɗaya, gari yana fitowa daga bayan tukwane, Baba yana sha. Nakan sayo leda biyu, ɗaya ƙwaya ta ƙwanƙwasawa, ɗaya gari ta dafawa. Mai karɓar kuɗi a kantin har ta gane ni, ta ce lalle ni masanin gahawa ne. Na bar ta a haka.

Wata Juma'a muna dawowa daga masallaci, Baba yana riƙe da gwiwar hannuna kamar kullum, sai ya tsaya a daidai inda lungunmu ya karya kwana. Na zaci numfashi zai mayar.

"Auta, hannun mahaifiyarka yaya?"

Na ce da sauƙi.

"Likita ya gani?"

Na ce ya gani, ya ba da magani da man shafawa.

Ya gyaɗa kai. "Turmin nan shekara arba'in da wani abu ina jinsa. Na san kukansa in yana cike, na san kukansa in wasa ake yi da shi." Ya ɗan matse mini hannu. "Ba ka ji komai daga bakina ba. In ka faɗa mata na sani, ban yafe ba."

Na ce to, Baba. Muka ci gaba da tafiya, ya koma zancen huɗubar liman.

Daga ranar na zama ma'ajin sirri biyu a gida ɗaya, kowanne na ɓoye wa mai ɗayan. Ba zan ce abin ya dame ni sosai ba. Wani lokaci ma dariya yake ba ni, in ga tsohuwa ta duƙufa tana dakan ƙarya da iyakar gaskiyarta, tsoho kuma yana ɗaki ya kasa kunne yana jira kamar bai san komai ba. Abin da ya ɗan tsaya mini a rai shi ne maganar nan tasa da muka haddace. Ga shi yana shan gahawar da injin wani kamfani ya niƙa a wata ƙasa, kullum, bai ce uffan ba. Na gane cewa a wurinsa karya maganarsa ya fi sauƙi a kan ta rasa abin da za ta kai masa da hantsi.

Sai wata safiya cikin damina turmi bai yi ƙara ba. An kwana ana ruwa, sanyi ya shiga gaɓɓan. Na fito zan tafi aiki na tarar da Umma zaune a kan tabarma a ƙofar madafi, turmi a gabanta, garwashi ya riga ya kama. Ta kama taɓaryar da hannu biyu, ta ɗaga, ta suɓuce ta faɗi a kan tabarma. Ta sake gwadawa, yatsun suka ƙi rufuwa. Ta ɗago ta dube ni. Na rage murya na ce bari in ƙwanƙwasa mata. Ta girgiza kai.

"Zai gane ba hannuna ba ne."

Na tsaya da jakata a hannu. Tausayinta ya kama ni sosai, kuma bakina a ɗaure yake ta kowane ɓangare. Hantsi yana ta ɗagawa. Ba a taɓa kai wannan lokacin ba a ji turmin ba.

Sai muka ji motsin labule. Baba ne ya fito, ba sanda, yana bin bango da tafin hannu. Tun da nake ban taɓa ganinsa a ƙofar madafi ba. Na taho zan riƙe shi, ya ce in bari. Ya laluba da ƙafa har ya taɓa bakin tabarma, ya tattare rigarsa ya zauna, ya miƙa hannu ya ci karo da turmin, ya jawo shi gabansa.

"Auta, ɗauko mini ƙwayar. Ba na bayan tukwane ba, mai ƙwayar nake nufi."

Umma ba ta motsa ba. Na ɗauko leda na zuba masa cikin tafin hannu, ya juye a turmi. Ya laluba ya sami taɓaryar, ya ɗaga sama kamar mai faskare, ya maka. Ƙwayoyi suka yi tsalle suka watsu a tsakar gida, wasu har cikin kwata. Ya sake ɗagawa.

"Haba Malam, ba haka ake yi ba!" in ji Umma. "Za ka fasa turmin mutane. Murzawa ake fara yi tukuna."

"To nuna mini mana."

Ta matso. Ta ɗora hannunta ɗaya a bakin turmin don kada ƙwayar ta fita, ɗayan kuma, mai karkatacciyar manuniyar, ta ɗora a bayan hannunsa. Ƙarfin nasa ne, ita ce mai juyawa. Da farko abin ya fito a hargitse. Can sai ya daidaita, uku a ciki, ɗaya a gefe, da nauyin da na daɗe ban ji ba. Ƙamshi ya tashi ya cika tsakar gidan.

"Ka ga shaida, Auta," in ji Baba. "Hannun Hajiya ne a kai."

Na ce na gani.

Suka ci gaba. Umma ba ta ɗago ba, idonta yana kan turmin. Sai da garin ya kusa laushi sannan ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Tun yaushe?"

Baba bai dakata da dakan ba.

"Tun ranar barkono."

Na ajiye jakata, na tsuguna na shiga tsintar ƙwayoyin da suka zube. Ranar na makara a ofis.