Akuyar da Inna Ta Ce Ba Tamu Ba Ce

Wata Litinin ce a tsakiyar damina, shekarar da na gama aji uku a lakwal, wato makarantar boko, gero ya kai ƙugu a gonakin da suka kewaye Tahoua. Na fito da sassafe da ƙwaryar dusa a hannu, ƙasa na ƙamshin ruwan da aka yi jiya, na tarar da turke babu kowa. Igiya ce kawai kwance a cikin laka, bakinta a tattaune. Tauraruwa ta tafi. Jar akuya ce mai farin tabo a goshi, shi ya sa na sa mata wannan suna. Inna Hassu, mahaifiyar babana, ita ta kawo mini ita daga ƙauyensu na wajen Affala tun tana ƙarama, don a gidansu kaka kan ba jikarta mace dabba, duk abin da ta haifa na yarinyar ne. Ni nake kai mata harawa, ni nake share turkenta kafin in tafi ɗebo ruwa a famfo, kuma in ƙawayena suna gaɗa a ƙofar gida, sau da yawa ina can bayan rumbu ina ba ta labarin abin da aka koya mana. A lokacin tana da cikin fari.

Gidanmu shi ne na ƙarshe a unguwa, bayan katangarmu gonaki suke farawa. Baba ya tafi Kalfu noma, Mama tana jego ba ta fita, Inna kuwa jegon ne ya kawo ta birni. Muka zagaya maƙwabta har rana ta ɗaga, babu wanda ya gan ta, sai wata mai tuyar ƙosai ta ce mu je komisariya, wato ofishin ƴan sanda. Muka koma gida. Inna ta shiga ɗaki ta cire zanenta mai kyau, ta ɗaura wani koɗaɗɗe da take daka da shi, ta tuɓe ƴan kunnenta ta tura ƙarƙashin tabarma. "Taho mu tahi, ƙawata," ta ce, "ke kin san bakinsu." Faransancina na aji uku take nufi. Ban gane dalilin tsohon zanen ba, kuma ban tambaya ba.

A ƙofar komisariya ta cire takalmanta ta riƙe a hannu kamar za ta shiga masallaci. Wani ɗan sanda mai baƙar hula yana zaune a inuwar dogon yaro, ya gaishe ta da Hausar da ta fi tawa, ya tura mata benci, ta ƙi zama. Da ya tambayi abin da ya kawo mu, sai na ji Inna tana cewa akuyar wata maƙwabciya ce ta ɓace, baƙa, tsohuwa, ba ta da wani kirki. Na buɗe baki in gyara, ta tsungule ni a damtse. Ya tambayi inda gidan yake, na faɗa masa. Ya ce in a cikin gari ta ɓace aikinsu ne, in kuwa ta haura gonaki sai mu je wurin jandarma, su ke da karkara. Da muka fito Inna ta sa takalmanta tana gunaguni: "To ita akuya ta san da wanga rabo?"

Wurin jandarma hulunan kore ne, kuma a can Tauraruwa ta koma fara a bakin Inna, mallakin wani ɗan'uwanmu na Barmou wanda ban taɓa jin sunansa ba. Jandarman ya ba mu ruwa a moɗa, ya ce dabbar da ta shiga gona da damina ba sata ba ce, mai gona kan kama ta ya kai garken magajin gari, inda ake tsare dabbobin da suka yi ɓarna. In mai ita bai fito ba, a sayar. Kalmar nan ta ƙarshe ita kaɗai ta zauna a kaina. Na riƙa ganin Tauraruwa a kasuwar Lahadi, wani baƙo yana mammatsa cikinta.

A hanya muka huta gindin wani gawo da ya zubar da ganye, wanda inuwarsa ba ta fi ta tsintsiya ba. Ina kuka na tambaye ta yadda za a samo jar akuya alhali mun aika mutane neman baƙa da fara. Nan ta ba ni labarin gardi masu jar hula na zamanin Nasara, yadda sukan iso ƙauye da bulala su ƙirga dabbobi saboda jangali, yadda ake tashin yara su kora awaki cikin kwazazzaban ƙasarmu ta Adar su yini can ba ci ba sha. Uwarta ta koya mata magana guda: "Mai kaki in ya tambaye ki dabba, ko kaza ba ki da." Na ce ai Mushe, malaminmu, ya ce wannan ya wuce, bayan samun ƴancin kai ƙasa ta kafa nata ƴan sandan, na gari daban, na karkara daban, masu jar hular yanzu kuma gidan kaso da ma'aikatun gwamnati suke gadi. "Hula suka sake, ƙawata," in ji ta. Kaina ya ƙara kullewa. Mushe ya ce in mun ɓace mu nemi ɗan sanda mu faɗi gaskiya. Inna kuwa, wadda ta taɓa hana ni fura don na ce na wanke ƙwarya alhali ban wanke ba, yau ta yi ƙarya a gabana har wuri biyu, kuma fuskarta ba ta maƙaryaci ba ce, ta mai tsoro ce.

Garken wani fili ne da aka kewaye da waya, cike da tumaki da jakuna, da raƙumi guda yana kallon kowa a wulaƙance. Mai tsaron wurin kakinsa daban da duk waɗanda muka gani, ya ce shi ɗan sandan magajin gari ne, ni kuwa na daina ƙoƙarin rarrabewa. Tun daga ƙofa na hango farin tabon. Ya tambayi wacce ce tamu. Inna ta kafa wa wani jaki ido ta ce ita ko kaza ba ta da, rakiya ta yo. Tauraruwa ta ji muryar, ta keto cikin tumaki tana kuka, ta cusa kai ta cikin waya ta kama bakin koɗaɗɗen zanen tana tauna.

"Inna, wagga akuya dai ta san ki," in ji mutumin.

"Dabba ce, ranka shi daɗe. Kowa ta gani so take."

Ya ce shi ba ya sakin dabba sai mai ita ya ce tasa ce da bakinsa. Na dubi Inna, hannunta ya riga ya sauka kan goshin akuyar ba ta sani ba, amma kalmar ta ƙi fita. Sai na tuna ranar da ta damƙa mini igiyar a gaban Baba. Na ce, "Tawa ce." Na jira tsunguli, bai zo ba. Inna ta sauke numfashi ta ce, "Gaskiya ta hwaɗi, ta yarinya ce. Dabbobin yara ko zamanin Nasara ba a ƙirga su." Mutumin ya yi dariya har ya dafe waya, ya ce in Baba ya dawo ya zo su sasanta da mai gona, ya miƙo mini igiya. Muka koma gida mu uku, Inna tana yi wa akuyar faɗa tun daga can har ƙofa.

Inna ta rasu ina kwaleji. Yanzu na san wace hula ke ƙarƙashin wace ma'aikata, zan iya zana shi a allo. Gonakin bayan gidanmu sun zama gidaje, wurin da Tauraruwa ta ci geron mutane ya koma hannun masu baƙar hula, jikokinta kuma suna nan a turken suna tauna igiya. Bara na je komisariya karɓar katin shaida, wata ƴar sanda tsarata mai lalle a hannu ta yi mini murmushi ta tambayi sunana. Babu abin tsoro ko kaɗan a wurin. Amma da na sunkuya, sai na ga na zare takalmi ɗaya, kuma damtsena yana jiran yatsun da ba za su ƙara zuwa ba.