Gwadabe Mai Hayar Kurmi

In ka shiga Indabo ka ce a nuna maka gidan Gwadabe maharbi, yara za su tsaya ne suna kallonka. Amma ka ce Gwadabe mai gafiya, yanzun nan a raka ka har ƙofar zaure. Sunan nan kuwa yana ci masa rai ba kaɗan ba, don shi ba a kan gafiya ya taso ba. Mahaifinsa maharbi ne na sosai, irin masu ɗaura kan burtu a goshi su yi ta rarrafe har su isa gaban barewa ba ta ankara ba. Tun Gwadabe bai kai tsawon bindigar uban ba yake bin sa dazuzzukan kudu, wajen Ningi, su cinye rani a can, su dawo da bandar nama a mangala, unguwa duka ta ɗanɗana.

To, dajin ne ya ƙare a kan idonsa. Gonaki suka cinye na kusa, injinan ban ruwa suka cika bakin kogi da ƙara, na nesa kuma ya zama wurin da mai hankali ba ya shiga da bindiga. Abokan farautarsa wasu ƙasa ta rufe musu ido, wasu suka koma gadi a Wudil. Shi aka bari da tarko. In gafiya ta addabi rumbun wani gida sai a aiko a kira shi, ya je, don tuwo ba ya jira, ya dawo fuska a murtuke ko sallamar kirki ba ya amsawa.

Burinsa ɗaya ne tak, kuma kowa a gidansa ya san shi. Yanar ido ta fara rufe masa idon hagu, na daman ma ya soma ganin hazo-hazo. Kafin su gama tafiya yana so ya harbi gada guda da hannunsa, a lokacinta, bisa ƙa'idar da ya gada, ko garin nan ya tuna wane ne shi. Ba naman ne ya dame shi ba, haƙoran ma ai saura kaɗan.

Akwai wata tsohuwar saura tsakanin garin da bakin kogi, duk kwazazzabai, wadda garma ba ta shiga. An daɗe da barinta, har marke da kirya da kanya suka yi girma a ciki, sarƙaƙiya ta haɗe su, ta zama ɗan kurmi. Wata safiya da bazara Gwadabe ya ratsa ta wurin zai duba tarko, sai ya ga sawu a kan rairayi, ƙanana, masu tsini. Ya durƙusa ya daɗe yana kallo. Ba na akuya ba ne, na gada ne. Ya bi su har gindin wata kanya, ya tarar da kashi sabo.

Saurar ta Alhaji Yahuza ce, dillalin shanu a karar Wudil, mazaunin Sabon Gari, wanda ya gaje ta wurin mahaifinsa bai kuma taɓa sanin abin da zai yi da ita ba. Gwadabe ya sa rigarsa ta sallah ya same shi a gida. Aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya da zafi, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi: haya yake so, daga wannan bazara zuwa mai zuwa.

"Baba Gwadabe, me za ka shuka a kwazazzabon nan?" in ji Yahuza.

"Ba abin da zan shuka, Alhaji. Wurin kawai nake so ya zama a hannuna, kada kowa ya shiga."

Da ya ji zancen gada, Yahuza ya yi dariya har ya cire hula yana fifita da ita. Amma ya yarda. Aka kira mai unguwa ya shaida, aka faɗi iyaka gabas da yamma, aka daidaita a kan hatsi kamar yadda ake hayar kowace gona, aka shafa fatiha.

Ranar da aka buɗe rumbu za a auna hatsin, matarsa Asabe na tsaye riƙe da ƙugu. "Malam," ta ce, "mutane na kama haya su ci, kai ka kama haya ƙaya ta ci. Allah Ya sa gadar nan ta san hanyar tukunyata." Ya ci gaba da awonsa. Shekara da shekaru suna tare, ya san bakinta ya fi zuciyarta zafi.

Daga nan aiki ya tashi, kuma wallahi manomin da ke neman cika rumbu bai fi shi wahala ba. Ya sassaro ƙaya ya kewaye kurmin don awaki da shanu, ya bar 'yan ƙofofi ƙasa-ƙasa ta ɓangaren kogi, daidai yadda gada za ta kutsa. Ya haƙa rami a inuwa ya binne tsohon kaskon Asabe, kullum da sassafe ya ɗebo ruwa ya zuba. Ya kwaɓa kanwa da jar ƙasa ya shafe wani kututture don lasa. Da ruwa ya sauka ya yafa wake a bakin kwazazzabo, waken da ya san ba zai tsinki ko ƙwaya ba. In zai shiga sai ya murtsuke ganyen sabara a jiki ya kashe warin mutum, ya kuma duba inda iska ke kaɗawa tukuna. A ƙarƙashin iskar ya yi 'yar maɓoya da kara da rassa, ya bar ta ta tsufa har dabba ta saba da ganinta.

Faɗa kuwa ya sha shi. Ya yi da makiyaya, ya yi da mata masu neman itacen girki, ya yi da samari masu karnuka. Mutumin da a da ba a jin muryarsa, sai ga shi da gora yana bin mutane. A majalisar bakin masallaci aka sa masa ido, da ya tunkaro sai wani ya ce a matsa wa mai gandun ƙaya, ana dariya ƙasa-ƙasa. Ya daina zama. Abin ya yi masa ciwo, amma ya haɗiye, yana cewa a ransa kaka na zuwa.

Tsakiyar damina ya ga gadar da idonsa. Biyu ne, mace da namiji, namijin da ɗan tsage a kunne. Ran nan da bindigarsa a hannu, tsohuwar harba-ka-ruga ta mahaifinsa, don ya fito korar wasu karnuka da suka saba shigowa. Yana cikin maɓoya namijin ya zo ya tsaya a wurin lasa, kusa ƙwarai, har yana ganin hancinsa na motsi. Gwadabe ya ɗaga bindiga ya saita. Ko makaho ba zai kuskure ba. Sai dai a gidansu ba a harbin naman dawa da damina, lokacin da suke ɗauke da ciki ko suke shayarwa, sai amfanin gona ya shiga gida ciyawa ta bushe. Wanda ya yi harbin damina, a wurin mahaifinsa ɓarawo ne, ko da namiji ya kashe. Ya sauke bindigar a hankali, yana ji yana gani dabbar ta gama lasarta ta juya.

Da ya ba Asabe labari sai ta ajiye muciya ta dube shi. "Yanzu har gabanka ta zo, ka ƙyale ta?"

"Lokaci bai yi ba."

"Idon naka ya ce maka zai jira lokacin?"

Kaka ta zo. Aka yanke gero, dawa ta sunkuya. Gwadabe ya share gefen kurmin zagaye, ya ƙone ciyawar waje da kansa da yamma lokacin da iska ta kwanta, don kada gobarar wani ta shigo masa. Ya kwance bindiga ya goge ta da mai, ya shanya albarushi. Abin da ya rage kawai a gama kai dawa gida. A 'yan kwanakin nan har fara'a aka gani a fuskarsa, har ya tsokani Asabe ya ce ta fara neman daddawa mai kyau.

Wata Juma'a da safe yana tafe da tulun ruwa a kafaɗa sai ya jiyo ƙara daga wajen kurmin, irin ta injin yanka itace. Ya ajiye tulun ya sa gudu, gudun tsoho. Ya tarar an buɗe shingen ƙayarsa, babbar mota ta shiga da baya, ƙarti sun fi a ƙirga da hannu ɗaya, babbar kiryar tsakiya tana kwance. Shugabansu, wani Maikano mai sana'ar gawayi, ya kashe injin ya gaishe shi da ladabi.

"Wa ya ba ku izinin shiga nan?" in ji Gwadabe. "Wurin nan a hannuna yake."

"Ayya Baba, mu Alhaji Yahuza ne ya sayar mana da itatuwan. Ba ruwanmu da ƙasa, ita taka ce."

Ya hau acaɓa zuwa Wudil ko gida bai biya ba. Ranar kasuwa ce, kara ta cika maƙil. Ya kutsa tsakanin bijimai har ya sami Yahuza yana ciniki, ya ja shi gefe ya faɗa masa abin da ake ciki. Yahuza bai ko yi mamaki ba.

"Baba, ai ƙasa ka kama haya. Tun yaushe mai hayar gona ya mallaki itacen da ke cikinta? Kai da ka girme ni, in ka ari gona mai ɗorawa, kai ne kake kaɗe kalwar?"

Gaskiya ce, abin takaicin ke nan. Aro ne, haya ce, jingina ce, itace na mai gona ne, yaron da ke bin awaki ma ya san haka. Gwadabe da kansa ya sha zama shaida a irin wannan magana. Amma ran da aka shafa fatiha ko kusa abin bai zo masa ba, don shi bai taɓa kallon wurin a matsayin gona mai itatuwa ba. Kurmi ya gani, abu guda, yadda maharbi ke ganinsa. Da ya ce a haɗa da itatuwan a ranar, da kalma ɗaya ta wadatar.

Sai ya koma roƙo, shi da bai saba ba. "Alhaji, don girman Allah ka ce su dakata. Kwana kaɗan. A gama kai dawa gida kawai."

"Sun riga sun shiga, Baba, motar ma haya suka ɗauko. Ka yi haƙuri. Filinka na nan ba wanda zai taɓa maka ko taki ɗaya. Ka ga ma an yi maka sassabe a kyauta, baɗi sai ka jefa ɗan gero." Yana faɗa yana waiwayar bijimin da ake tayawa, don da gaske yake ganin alheri ya yi wa tsohon.

Bayan an sauko daga masallaci Gwadabe ya koma. Rabin kurmin ya zama fili, rana na dukan wuraren da ba ta taɓa gani ba, an fara jera gungume ana rufewa da ƙasa. Ƙartin sun taru a bakin shinge ta gabas suna hayaniya. Ƙarar injin ce ta fito da gadar daga sarƙaƙiya. Macen ta sami ƙofa ta tsere wajen kogi, namijin ya ruɗe ya faɗa cikin ƙaya ya maƙale, wani ya sauke masa guntun itace a gadon baya. Yana kwance yana shure-shure da ƙafafun gaba, na bayan sun mutu.

"Yauwa, ga Baba," in ji Maikano. "Baba, da wuƙa a jikinka? Mu daga gatari sai inji. Taimaka ka yanka mana kada ta zama mushe."

Gwadabe ya tsaya yana kallon kunnen nan mai tsage. Ba abin da bai raya a ransa ba, har da juyawa ya tafi ya bar su da mushensu. Amma dabbar na wahala, kuma ba wanda zai iya da ita a wurin sai shi. Ya durƙusa, ya juya ta ta fuskanci alƙibla, ya shafa wuyanta har ta ɗan natsu, ya yi bisimilla. Maikano ya ce ya ɗauki kai da ƙafafu ladan yanka, ya girgiza kai kawai, ya goge wuƙar a ciyawa ya kama hanya.

Asabe na tsakar gida tana tankaɗe lokacin da ya yi sallama. Ta ɗago ta ga jini a hannun rigarsa, ga gashin dabba manne a gwiwar wandonsa. Matar nan da ta yi wata da watanni tana yi masa gori sai ta miƙe tsaye, rariya ta faɗi, fuskarta ta washe yadda ya daɗe bai gani ba. Kafin ya yi magana har ta sauko da babbar tukunya daga kan danki.

"Malam, an samu?"

"An samu," ya ce. "Masu gawayi ne suka samu. Ni yanka na yi musu."

Ta daɗe a tsaye da tukunyar a hannu, sannan ta mayar da ita inda ta ɗauko, ta zubo masa ruwa a buta ya wanke hannu.