Faifan da Ya Sha Tururin Tuwo

Shekarar da council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe wurin motsa jikin unguwarmu, wai babu kuɗi, ita ce shekarar da likitana ya auna jinina ya ce ko in fara tafiya da ƙafa ko in shirya shan magani. Lokacin muna wani gidan haya a unguwar Whalley Range ta birnin Manchester ni da matata, ina fama da PhD da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Ni kuwa ban iya tafiya haka kawai ba dalili. Abin da ya cece ni shi ne disc golf. Faifan roba kake jefawa daga nesa, ka bi shi, ka sake jefawa, har ya faɗa cikin wani kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi. Wanda ya fi ƙarancin jifa shi ya ci. A filin shaƙatawa na kusa da mu ko sisi ba a biya.

Wanda ya koya mini wani dattijo ne Bahaushen Kumasi, direban bas a Birmingham, gidansa a unguwar Handsworth. A wajen wani suna muka haɗu. Baba nake ce masa. Duk wata nakan hau coach, wato doguwar bas, in je Birmingham mu yi wasa a wani fili bayan unguwar Sparkbrook.

Jifan nesa ba ni da matsala, ƙarfi akwai shi. Inda nake shan kunya shi ne approach, wato jifan kusa da ake so faifan ya sauka dab da kwando ya kwanta. Nawa ja ne mai sheƙi, bakinsa da kaifi. Yana taɓa ƙasa sai ya tashi a kan gefensa ya gangara cikin ƙaya, ni kuma in bi shi ina tsaki.

"Ɗana, kai faifai kake saye kamar shaddar Sallah," in ji Baba. Ya ce a approach ba a neman kyau. Ana neman mai baki da kauri, mai shimfiɗaɗɗen sama, mai roba da laushi da za ta kama ciyawa, wanda in ka jefa shi sau goma abu ɗaya zai yi maka sau goma. Sai ya zaro nasa daga jaka, wani tsohon fari da ya koma ruwan ƙasa. "Riƙe shi wata guda. Kada ka sayi komai sai hannunka ya san abin da yake so. Amma fa amana ne, ban taɓa ba kowa aronsa ba."

Gaskiyarsa ne. Faifan nan inda na ajiye shi nan yake kwanciya, ba gardama. Ranar Juma'a, ana gobe zan mayar, na wanke shi tas don kada in kai wa dattijo kayansa da taɓo. Na kife shi a kan kwanukan da ke tsanewa a kicin, na tafi masallaci.

Na dawo da baƙi biyu daga jami'a. Matata ta tuƙa tuwon shinkafa, murfin babban kwano kuma ya daɗe da fashewa. Ina shiga na ga faifan Baba a kan kwanon, tururi na fita ta gefe, tukunyar miya zaune a samansa. Da na ɗaga tukunyar, tsakiyarsa ta lotsa.

"Kin san abin da kika yi kuwa?" na ce mata, murya ƙasa-ƙasa saboda baƙi.

"Malam, ka wanke abu ka kife a cikin kwanukana, me kake so in ɗauke shi?" ta ce. Tuwon ranar ban ji ɗanɗanonsa ba.

A cikin coach washegari na shirya ƙarya kala-kala. Na ce zan ce rana ce ta buge shi, sai na tuna a Manchester nake, inda rana ba ta cika fitowa ba. Tsoro na ji na gaske. Ba faifan kaɗai ba, a duk ƙasar nan ba ni da dattijon da nake zama da shi in ji kamar ina gida sai shi, kuma ya ce mini amana.

Kafin mu fara wasa na miƙa masa da hannu biyu na faɗi gaskiya, har da tukunyar miyar. Ya juya faifan, ya danna tsakiyar da yatsa, ya kai shi hanci. Sai ya taka zuwa kusa da kwandon farko ya jefa a hankali. Faifan ya tafi sak, ya sauka a gindin kwando ya kwanta kamar yadda ya saba.

Baba ya yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. "Ka taɓa tambayar kanka me ya sa robarsa ta yi laushi haka?" Na ce a'a.

"Marigayiya matata ce. In na makara a wajen aiki, da shi take rufe mini tuwo. Na yi faɗa har na gaji na bari." Ya je ya ɗauko faifan ya share ciyawar da hannun rigarsa. "Tun da ta rasu bai ƙara shan tururi ba."

Na ce Allah Ya jiƙanta. Ya ce amin, ya saka faifan a jaka ya ja zif.

"In ka koma," ya ce, "ka gaya wa 'yata, mai tuwon nan, na gode."