Laimar Daw Thein Nu

Matso kusa ka gyara zama, in ba ka labarin Daw Thein Nu, mai sayar da mazarƙwailar giginya a kasuwar ƙauyenmu.

Ba 'yar nan ba ce. Daga bayan tsaunukan Rakhine aka auro ta, can bakin teku, inda ake kwana bakwai ana tsuga ruwa ba a ga rana ba. Ta iso da wata ƙatuwar laima, kyautar mahaifinta. Surukarta, Daw Ngwe, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"'Yar nan, wa zai jiƙa ki? Hadarin da ya taso daga teku, tsaunukanku ke tare shi su tatse shi tas. Kafin ya gangaro mana ya zama fanko, sai iska mai zafi."

Aka ba amarya gona ta shuka riɗi. Da aka yi yayyafin farko, kowa ya ruga da iri. Ita kuwa ta leƙa sama ta taɓe baki. "Wannan ai tofin yawu ne, Inna. Bari ruwan gaske ya zo."

"Ruwan gasken ke nan, uwar 'yan jira!"

Bai zo ba. Shekarar nan ko man miya sai da maƙwabta suka sam mata.

Da shekara ta zagayo, ɗigon farko bai gama faɗuwa ba tana gona. Riɗi ya tsiro, sai sama ta ɗauke. Kwana ashirin, ganye ya fara lanƙwashewa, ga shi ba ta da sauran iri ko cikin tafi.

Sai gari ya fito jan igiyar kiran ruwa, yadda muka gada, da ganguna, mata riƙe da baki ɗaya, maza riƙe da ɗayan. Thein Nu ta ɗaura bakin igiya a ƙugu, ta dubi yamma, wajen tsaunukansu, ta kwarara ihu: "Ku mutanen gidanmu, kun sha ya isa! Ku sako mana saura!" Mata suka fizga, maza suka zube, mijinta a ƙarƙashinsu duka.

Bayan kwana uku ruwa ya sauka, ɗan kaɗan, daidai ƙoshin riɗi. Ta fito tsakar gida tana tiƙar rawa, laimar ma Daw Ngwe ce ta shige ciki. Man da ta matsa da kaka, har maƙwabtan nan ta kai wa.

Laimar tana nan har yau, rana take kare wa mazarƙwaila. To kai a ganinka, igiya ce ta jawo ruwan, ko 'yan'uwanta ne suka ji kunya?